Minti Bakwai A Cikin Tanki

A watan Fabrairun da ya wuce, lokacin da tumatirin Watari yake kan ganiyarsa, wani abokina malamin Larabci ya ara mini wani ɗan littafi da gara ta fara lasar bangonsa. Ya ce in karanta in dawo masa da abinsa kafin Juma'a. Juma'o'i da yawa sun wuce, littafin yana nan ƙarƙashin matashina, kuma ina roƙon Malam ya ƙara haƙuri, don ban ga ranar mayarwa ba tukuna. Sunansa Rijalun fish Shams, wato mazaje a cikin rana. Wani Bafalasɗine, Ghassan Kanafani, shi ya rubuta shi, aka buga a Beirut a 1963. Ba shi da kauri. Mai saurin karatu zai fara bayan azahar ya rufe kafin magariba.

Na karanta shi ne a gindin wata darbejiya a bakin hanya, nan Bagwai, daidai inda ake lodi. Ga kwanduna jere, ga gingimari biyu sun juya wa gonaki baya, ga 'yan dako suna miƙa wa juna kaya suna ihu, ga warin gas ya gauraya da na ruɓaɓɓen tumatirin da aka tsince aka watsar. Ina jin wurin zaman nan ne ya sa na fito daga littafin da fahimtar da ta saɓa wa wadda aka saba ji a bakin masu sharhi. Duk shafin da na juya, in na ɗaga kai sai in ga direba yana duba agogonsa yana duban rana.

Labarin dai ga shi. Shekara goma bayan korar Falasɗinawa ta 1948, maza uku suka tsinci kansu a Basra, kudancin Iraƙi, kowa burinsa ya tsallaka Kuwait inda kuɗin fetur ya fara ambaliya. Abu Ƙais dattijo ne, manomi, ya baro itatuwan zaitun ɗinsa a ƙauyen da ba zai sake gani ba. As'ad matashi ne da hukuma take nema, ya karɓi dinari 50 a hannun baffansa, kuma ya san ba da kuɗi zai biya ba, auren 'yar baffan ne biyan. Marwan yaro ne ɗan shekara 16. Yayansa da ke Kuwait ya yi aure ya daina aike, ubansu kuma ya saki uwarsu ya auri wata saboda tana da gida mai rufin siminti. Cire sunayen ka sa namu, ka ga ko akwai unguwar da ba ta da waɗannan mutum uku daga Kiyawa zuwa Gadanya. Su ne masu ɗaure ƙullin kaya da zarar an kai amfanin gona rumbu, su ce sun tafi cin rani, wani ya dawo da damina, wani sai labari.

Masu fasa-ƙwaurin mutane a Basra dinari 15 suke karɓa, kuma an san halinsu: su kai ka tsakiyar hamada su nuna maka hanya da yatsa, ka waiwaya ka ga wayam. Sai ga wani ɗan ƙasarsu, dogo siriri kamar gora, shi ya sa ake ce masa Abul Khaizuran. Tankar ruwa yake ja wa wani attajirin Kuwait, kuma sunan maigidan nasa ya isa a buga masa hatimi ba tare da an leƙa motar ba. Ya yi musu ragi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in an kusa shingen Safwan na Iraƙi, su shiga tankin da babu ruwa a ciki a rufe, minti shida ko bakwai, a wuce su fito su sha iska. A shingen Mutla na Kuwait a sake haka. Watan Agusta ne, kuma rana tana tsaka.

Shingen farko suka wuce. Suka fito kamar an tsamo su daga tukunya, amma da ransu. A na biyu, ma'aikata suna zaune a ɗaki mai sanyi, zama ya ishe su, sai ga abin wasa ya shigo musu da takardu a hannu. Suka riƙe takardun suka hau tsokanarsa a kan wata mai rawa a Basra da aka ce wajenta ya maƙale. Abin da ba su sani ba, mu masu karatu mun sani: raunin da ya samu a yaƙin 1948 ya raba shi da mazakutarsa, ba shi da abin yi da wata mai rawa. Yana roƙo a sa hannu, suna ƙyaƙyata dariya. Da ya samu ya fita, ya taka motar kamar za ta tashi sama, ya tsaya ya buɗe murfi, babu mai motsi. Da dare ya kai gawarwakin juji a bayan gari, ya juya zai tafi, ya dawo ya kwashe 'yan kuɗin aljihunsu da agogon Marwan. Littafin ya rufe da shi yana tambayar hamada abin da ya hana su buga jikin tankin.

Fiye da shekara sittin ke nan ana tauna wannan tambaya. Masu sharhi sun ce tankin shi ne shirun da Falasɗinawa suka yi a sansanonin gudun hijira, direban kuma shi ne shugabancin da ya rasa ƙarfinsa ya koma cinikin mutanensa. Ba su yi ƙarya ba. Kanafani ɗan siyasa ne har ɓargo. An haife shi a Akka a 1936, ya yi gudun hijira yana yaro, ya koyar a Kuwait kafin ya koma Beirut a 1960, kuma bam ɗin da aka dasa a motarsa ne ya kashe shi ranar 8 ga Yulin 1972 tare da 'yar 'yar'uwarsa, yana da shekara 36. Mutum irin wannan ba ya rubuta tanki don tanki kawai. Har ma da Tawfiƙ Saleh, Bamisire, ya mayar da labarin fim a Siriya a 1972, sai ya sauya ƙarshen: mutanen suka yi ta bugun tankin, ba wanda ya ji.

To amma fa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. An tuhumi matattu da yin shiru, an tuhumi direba da kwaɗayi. Mutumin da ke zaune a sanyi da alƙalami a hannu, wanda ya ga dama ya ci nishaɗi da lokacin wani, shi ya fi kowa samun sauƙi a wajen masu sharhi. Ni kuwa a kansa idona ya tsaya, don na san shi. Na taɓa ganinsa ido da ido.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekara talatin da wani abu yana jan babbar mota tsakanin Kano da Kurmi. Da karen mota ya fara, a kan wata Marsandi 911 mai bodin katako, ya gama da tirela, kafin ciwon baya da raunin ido su zaunar da shi. Sau ɗaya na taɓa bin sa Legas ina saurayi, da sunan rakiyar tumatirin gidanmu, amma gaskiya son ganin teku ne ya kai ni.

Wanda bai san sana'ar ba yana ganin tumatir kaya ne kamar buhun masara. Ina! Tun daga sa'ar da aka tsinke shi ya fara mutuwa. Shi ya sa ake tsinkar na tafiya da sauran kore a jikinsa, a yi lodi da yamma, a tashi da daddare don a ci sanyin hanya. Daga Kano zuwa kasuwar Mil 12 ya haura kilomita 1,000. Duk awar da mota ta yi tsaye a rana, kwandunan ƙasa suna karɓar nauyin na sama suna tsiyaya, har ka ga jan ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi kamar an yanka rago a ciki. Dillalin Legas ba ya tambayar abin da ya tsare ka. Hannu yake cusawa cikin kwando, ya zaro, ya duba, ya faɗi kuɗin da zai sa ka nemi wurin zama. Dam ɗin Watari da aka gina tsakanin 1977 da 1980 ya ba mu ruwan noman rani, Allah ya saka wa waɗanda suka yi tunaninsa, amma ribar abin da muka noma a hannun hanya take.

A wani shinge, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wani mai kaki ya karɓi takardunmu ya koma gindin mangwaro ya zauna. Bai ce mun yi laifi ba. Bai ce a ba shi komai ba. Dara suke yi da abokinsa. Can ya ɗago ya fara zolayar Kawu, wai mata nawa ya ajiye a hanya, wai an ce duk direban Arewa yana da ɗaki a kowace mararraba. Kawu, mutumin da a gida ko gyaran murya ya yi sai mu nutsu, sai na ga ya durƙusa yana yaƙe, yana "ranka ya daɗe", har yana ƙara wa zolayar gishiri da bakinsa don ta yi daɗi a sallame mu. Idonsa kuwa yana kan inuwar motar da take ta tsukewa. Da aka jefo masa takardun muka tashi, bai ce mini uffan ba har muka yi sallar la'asar. Ni ma ban taɓa tayar da zancen ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba sai yau.

Wannan yaƙen na gani a fuskar Abul Khaizuran, kuma saboda shi na yarda da littafin. Kanafani ya gane cewa mai hatimi ba sai ya zama mugu ba kafin ya hallaka ka. Ya isa a ce lokacinka ba ya cikin lissafinsa. Ma'aikatan Mutla ba su zagi kowa ba, ba su mari kowa ba, ranar ma suna cikin raha. Da za a gaya musu abin da wasansu ya jawo, da sun rantse ba su da hannu, kuma a gaban alƙali da sun fita.

Kada a ce na wanke direban. Yana da baki. Da ya ce, jama'a, akwai rayuka uku a cikin tankin nan, da an buɗe, da sun sha duka an mayar da su Basra, shi kuma ya tafi kurkuku ya rasa aikinsa. Bai faɗa ba. Abin da ya sa littafin yake hana barci shi ne ba a zama ɗaya ya yanke shawarar barin su su mutu ba. Minti-minti ya yanke ta, kowane minti yana ce wa kansa saura ƙiris. Duk wanda ya zauna kusa da direban da barci yake fizga, yana cewa bari dai mu kai Mokwa, ya san wannan saura ƙiris ɗin. Duk wanda ya ga an ɗora mutum goma a saman buhuna bayan lodi ya cika, saboda kuɗin gas ya cinye kuɗin kaya, ya san shi. Kuma komawar da Abul Khaizuran ya yi ya ɗauke agogon yaron, wadda wasu suke ganin marubucin ya wuce gona da iri, ita ce wurin da na fi gaskatawa. Mutumin da ya ga ya riga ya faɗi a idon kansa, ɗaukar agogo ba ta ƙara masa nisan faɗuwa.

Garuruwan littafin ma na san su, ko da yake ban taɓa taka Iraƙi ba. Masaukin Basra mai ɓeraye, da Safwan da Mutla, 'yan gine-gine a tsakiyar fili, ba inuwa ba tsuntsu, wuraren da babu mai zuwa don su, sai don a wuce su. Mu ma hanya ta haifa mana irinsu. Tun zamanin fatake muke da su, shi ya sa sunan Zango ya bazu daga Zangon Daura zuwa Zangon Kataf har unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara. Inda ayari yake sauke kaya, nan mai tuwo take kafa murhu. Yau inda tirela take kashe inji, nan za ka ga mai shayi, mai faci, bakanike, masallacin kwano, da wasu ɗakuna a baya da ba a tambayar mai su. Tafa haka ta girma. Mararrabar Jos haka.

Abin da hanya ta haifa kuwa, in ta juya masa baya ya zama maraya. Zungeru ta taɓa zama hedikwatar Arewa kafin a koma Kaduna. Baro ta ga jiragen ruwa da na ƙasa a lokacin da layin dogo ya taso daga can ya iso Kano a 1911. Nguru da Ƙauran Namoda, inda dogo ya ƙare, sun ci kasuwar gyaɗa da fatu har jirgi ya daina zuwa, tashoshin suka koma makwancin awaki. A zamaninmu 'yan bindiga sun yi wa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari abin da mutuwar jirgi ta yi wa waɗancan. Direbobi da yawa suka karkata ta Lambata da Lapai da Bida, suka gwammace ramuka da kwanaki a layi a kan abin da ke jiran su a daji. Mai shayin da ya kafa teburinsa a tsohuwar hanyar bai yi wa kowa laifi ba, ya wayi gari ne kawai ba motar da ke tsayawa. Da ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba a Yunin 2017, cikin dare ɗaya wasu garuruwan suka cika har ba masaka tsinke, wasu suka yi tsit. Bahaushe yana da kalma ɗaya da ta ɗauke duk wannan: kufai. Direban babbar mota shi ne mutumin da ya fi kowa sanin kufan ƙasar nan, don ya san su tun suna da hayaƙi.

Ga inda nake da ƙorafi a kan Kanafani. Ya saka direbansa a mota shi kaɗai. Na san dalili, labarin yana bukatar kaɗaici. Amma ga wanda ya tashi a tashar mota, babbar mota ba yaron mota kamar masallaci ne ba ladan. Yaron mota shi ke dirowa da weji a kan tudu kafin birki ya ci amana, shi ke kwana ƙarƙashin mota yana gadin taya da batir, shi ke sanin ƙarar da ba ta saba ba tun kafin maigida ya ji. Da a hanyar Jebba abin ya faru, da akwai wani yaro mai baƙin mai har gwiwar hannu a jingine da tankin, kuma da ko ƙwanƙwasa ɗaya aka yi ya ji ta a bayansa. Daga nan sai labarin ya zama wani daban, wataƙila ma mafi zafi: yaro ya ji bugu, maigidansa yana ciki yana yaƙe, shin ya buɗe murfin ya tona asiri ko ya jira?

Sannan raunin da ya ɗora wa direban ya yi mini nauyi. An ɗaure mutumin da ma'ana har ya kusa daina zama mutum. Bai kamata sai an raba namiji da mazakutarsa ba kafin a nuna an karya shi. Kawu yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha, kuma na ga yadda aka karya shi a gindin mangwaro da takarda uku da wasan dara.

Duk da haka, kunya ce ta fi kama ni da na rufe littafin, ba ƙorafi ba. Mu da muke da wannan hanya, ina namu? Mawaƙanmu ba su yi barci ba. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, da waƙar Karen Mota ya fara yin suna, ya ɗauki yaron da kowa yake yi wa tsawa ya zaunar da shi a gaban jama'a. Shata ma ya yi wa direbobi da masu motoci waƙa. A rubutun zube kuwa mun fara da ƙafar dama. Cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya bi ayari ya ratsa Sahara da mai karatu. A 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo duniyar fasa-ƙwauri da cin hanci a Turmin Danya. Daga nan sai adabin kasuwar Kano ya zo ya shige cikin gida ya rufe ƙofa. Ba na cikin masu zaginsa. Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta sun rubuta abin da suka sani, kuma sun faɗi gaskiyar da maza ba sa son ji. Amma a yawancin waɗannan littattafai, direba aikinsa biyu ne: ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ko ya fito da tirela daga kwana a babi na uku ya kashe iyayen yarinya don labari ya samu marainiya. Ba a ba shi suna, balle a tambaye shi kwana nawa rabonsa da gado.

Alhali abin rubutawa yana nan zube a kan kwalta. Akwai zamanin da ake harhaɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, direba yana da daraja har ana ba shi mata don sitiyari. Akwai yadda aka koma tsofaffin DAF na Turai da motocin Sin. Akwai Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, da masu safarar abinci da shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda: tumatir ya yi tsada a Legas, a nan kuma muna kallonsa yana narkewa a kwando, kowa ya gane ashe wannan mutumin mai jan ido da goro a baki shi ne igiyar da ta ɗaure ƙasar. Akwai daren 15 ga Oktoban 2024 a Majiya ta Jihar Jigawa, da tankar fetur ta faɗi, mutane suka fito kwasa, wuta ta ci fiye da mutum 150. Wane ne zai shiga cikin kan direban tanka ya rubuta mana abin da yake ji in ya ga motarsa a kwance, ya ga jama'a suna tahowa da bokitai? Waɗanda suka san hanya a bakin mai shayi suke zubar da labarinsu, waɗanda suka iya alƙalami kuma ba su taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba. Ni kaina da nake wannan surutu, tafiya ɗaya na yi.

Kuma kada wani ya ce tankin Kanafani labarin Larabawa ne. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, kuma da yawa daga yankin Kance na Damagaram suka fito. Hausa suke ji, irin wadda nake rubutu da ita. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka kama direbobi a Agadas aka ƙwace motoci. Masu tafiya ba su daina ba, sai direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka shiga inda ba sawu don kauce wa shinge. Sojojin da suka karɓi mulki sun soke dokar a Nuwamban 2023. Ko a wane hali, maratayi ne ya fara shiga hannu.

Mu a Bagwai ba sai mun je hamada ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya taso daga Badau zai tsallako Watari, cike da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kowa ya yi maganar lodin da ya wuce kima, kuma gaskiya ne. Amma duk wanda yake zaune a nan ya san abin da yake sa uwa ta saka ɗanta a jirgin da ta ga ya cika: zagayen ta ƙasa yana da nisa da tsada, rana tana faɗuwa, kuma tsallakawar ai 'yan mintoci ce. Abu Ƙais ma da ya leƙa cikin tankin ya ji hucinsa, ya san abin da yake gani. Ya shiga.

Ran nan da yamma na je gaida Kawu. Yana kan tabarma a ƙofar gida, ya miƙe ƙafar da take masa ciwo, rediyo a gefe. Na ba shi labarin littafin tun daga Basra har juji, ban rage komai ba. Bai katse ni ba sai sau ɗaya, da ya tambayi ko tankin fenti gare shi ko tsurar ƙarfe ne. Da na kai ƙarshe na gaya masa tambayar da direban ya yi wa hamada, na ce malamai sun shekara sittin suna muhawara a kanta.

Ya daɗe yana ɓare goro da farce.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "shi wannan direban, da ya shiga ofishin, me ya sa a cikin takardun?"

Na ce, "Kawu, ba komai. Ai sunan maigidansa ya isa."

Ya girgiza kai, ya jefa goron a baki. "Da kaya masu rai a bayansa, rana tsaka, ya shiga da takarda tsura?" Ya jawo rediyon ya ƙara murya, don an fara labaran ƙarfe shida.